“Sai Ta Cika”: Tarihin Jiran Mota a Kornaka

A tashar Kornaka, in ka tambayi kamasho yaushe mota za ta tashi, amsa ɗaya ce: “Sai ta cika.” Ni da nake karatun harshe, wannan jimla ta daɗe tana damuna, don babu awa a cikinta, sharaɗi ne kawai. To, daga ina muka gaje ta?

Mu koma baya. Turawan Faransa ba don talaka ya yi bulaguro suka shata hanyoyi ba. Da aikin tilas aka yi su, wanda sai a 1946 aka haramta shi. Hanya ɗaya ta mulki ce: daga Yamai, wadda ta karɓi babban birni daga Damagaram a 1926, zuwa gabas. Ɗayar kuma ta gyaɗa ce: daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Mu na arewa, ƙasar gero da dabbobi, a gefe aka bar mu.

Bayan ƴancin kai a 1960, kamfanin gwamnati SNTN ya bi wannan sawu. Da ƴan kasuwa suka shigo da manyan bis, irin su Rimbo, su ma babban titin Yamai–Maraɗi–Damagaram suka fi riƙewa, ga tikiti, ga lokacin tashi. Tsakanin Maraɗi da Dakoro kuwa, galibi Hiyas ce da motocin kasuwa. Direba ba ya da tallafin kowa. Kujera in ta tafi wayam, daga aljihunsa ne. Shi ya sa yake jira. Da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, man bumburutu ya yi tsada, jiran ya ƙaru.

Wa ke biyan wannan jira? Mai cikin da aka tura babbar likita Maraɗi. Ɗalibin da jarrabawarsa ƙarfe takwas ce, dole ya kwana gidan dangi. Mai akuyar da ya iso kasuwa ta watse. Sannan a ce wai Bahaushe bai san lokaci ba! Mutumin da ke tashi sallar asuba kan kari?

Ƴan uwa ɗalibai, mu nemi magajin gari da ƙungiyar direbobi su zauna, su tsayar da mota ɗaya tak kowace safiya, mai tashi kan awa, ko ta cika ko ba ta cika ba, ma'aikatar magajin gari ta cike giɓin kujerun. Daga nan a fara.