Kwaikwayon amfilifayar jita

Kwaikwayon amfilifayar jita fasaha ce ta amfani da lissafin kwamfuta wajen samar da irin sautin da amfilifayar jita da lasifikarta suke fitarwa, ba tare da an kunna ainihin amfilifayar ba. Ana samun ta a matsayin manhaja da ake sa wa kwamfuta ko wayar hannu, ko ƙaramar na'ura da makaɗi yake takawa da ƙafa, ko kuma a cikin wasu amfilifayoyin zamani. Ta fara bazuwa a tsakiyar shekarun 1990, kuma a yau ana amfani da ita wajen ɗaukar waƙa a gida da wajen wasa a gaban jama'a.

Suna

Jita, amfilifaya da lasifika duk kalmomin aro ne daga Turanci da suka bi tsarin furucin Hausa, inda ake sa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu. A maganar yau da kullum mutane kan kira duk abin da ke ƙara sauti lasifika ko amsa-kuwwa. A wannan fanni kuwa sai an bambance: amfilifaya ita ce ke ƙara wa siginar lantarki ƙarfi, lasifika kuma ita ce ke mayar da siginar sautin da kunne yake ji.

Abin da ake kwaikwaya

Jitar lantarki ba ta da amo sosai ita kaɗai. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai wata 'yar sigina mai rauni ta bi waya zuwa amfilifaya. Amfilifayoyin farko suna aiki ne da bawul, wato wasu kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da ke ɗaukar zafi. Idan aka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, yakan danne saman siginar, sautin ya fito da kaushi da kauri. Injiniyoyi sun ɗauki wannan kaushin a matsayin aibi, amma makaɗan Amurka da Ingila suka mayar da shi abin nema. Haka kowane kamfani ya yi suna da muryarsa: Fender ta Amurka da tsabtataccen sauti, Vox AC30 ta Ingila da ƙara mai kaifi, sai Marshall, wadda Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a 1962, da ruri mai nauyi.

Matsalar waɗannan na'urori ita ce nauyi da ƙara da tsada. Fender Twin Reverb tana da nauyin kusan kilo 29. Yawancinsu ba sa ba da muryarsu mai daɗi sai an ɗaga su sosai, abin da ba zai yiwu a ɗakin haya ba. Bawul kuma yana tsufa, sai an sauya shi.

Tarihi

Yunƙurin farko bai shafi kwamfuta ba. A 1982 Tom Scholz ya fito da Rockman, ƙaramin akwati da ake saurare da abin sa wa a kunne, sannan a 1989 kamfanin Tech 21 ya fito da SansAmp. Dukansu da kayan lantarki na gargajiya suke kwaikwayon.

Kwaikwayo ta hanyar lissafi ya shigo kasuwa da Roland VG-8 a 1995 da Line 6 AxSys a 1996. Wanda ya kai fasahar ɗakunan masu ƙaramin ƙarfi shi ne POD na Line 6, jan akwati mai siffar ƙwayar wake da ya fito a 1998. Daga nan manhajoji suka biyo baya: AmpliTube daga Italiya a 2002, da Guitar Rig daga Jamus a 2004. Na'urorin wancan zamani sun sha suka cewa sautinsu siriri ne, kuma ba sa amsa hannun makaɗi yadda bawul yake yi. Axe-Fx na kamfanin Fractal Audio, wanda ya fito a 2006, shi ya fara sauya ra'ayin ƙwararru, har manyan ƙungiyoyi irin su Metallica suka koma yawon wasa da shi. An gabatar da Kemper Profiler na Jamus a 2011, Helix na Line 6 ya zo a 2015, Quad Cortex na kamfanin Neural DSP da ke Finland ya shiga hannun masu saye a 2021.

Yadda take aiki

Da farko ana mayar da siginar jitar lambobi. Na'urar tana auna siginar sau 44,100 ko 48,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta yi lissafi a kan lambobin, sannan ta mayar da su sigina. Hanyoyin lissafin biyu ne. A ta farko, injiniya yana nazarin cikin amfilifayar, ya rubuta lissafin yadda kowane bawul da kowane ɓangare yake aiki. A ta biyu ba a buɗe amfilifayar ma: ana tura mata sautin gwaji, a ɗauki abin da ta fitar, sai manhaja ta koyi dangantakar da ke tsakanin abin da ya shiga da abin da ya fito. Kemper ne ya yi suna da wannan hanya. Sababbin manhajoji suna yin koyon da ƙirƙirarriyar basira, kamar ToneX na 2022 da Neural Amp Modeler, wadda Steven Atkinson ya rubuta ya bar ta kyauta ga kowa.

Lasifika tana da nata kwaikwayon daban, kuma masu koyo sukan raina shi alhali babban rabon muryar jita daga nan yake fitowa. Ana ɗaukar sawun yadda wata lasifika da makirufo suke sauya sauti a cikin ƙaramin fayil da ake kira IR. Idan aka kashe wannan sashe, jitar takan yi ƙara mai tsini kamar ta ƙudan zuma.

Babban abin lura shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin sautin. Kwamfuta tana tara lambobin ne kashi-kashi kafin ta yi aiki a kansu. Kashi mai awo 128 a kan 48,000 yana cin kusan milidaƙiƙa 2.7, kuma shiga da fita sukan ninka wannan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka jinkirin milidaƙiƙa 3 daidai yake da tsayawa mita ɗaya daga lasifika, ba mai damuwa da shi. Idan ya wuce milidaƙiƙa 10, makaɗa da yawa sukan ji hannunsu da kunnensu sun rabu.

Ɗauka a gida da wasa a fili

Mai ɗauka a gida yana buƙatar jita, kwamfuta, manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase, da katin sauti mai ƙofar da aka tanada don jita, wadda ake yi wa alamar INST ko Hi-Z. Sa jita kai tsaye a ƙofar makirufon kwamfuta yana dushe sautin. Babbar ribar ita ce ana adana siginar jitar yadda ta fito, ba kaushi ba ado, don haka ana iya sauya mata amfilifaya bayan makaɗin ya tafi gida. Maƙwabta ma ba sa jin komai.

A wajen taro, ana haɗa na'urar kai tsaye da miksa, sautin ya fita ta manyan lasifikokin da ake haya. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa ta da amfilifayar jita ba tare da kashe kwaikwayon lasifika ba, sai sautin ya bi lasifika biyu ya toshe. Haka kuma muryar da aka gyara da dare a ɗaki takan yi kaifi da yawa idan aka ɗaga ta a fili.

A Sakkwato da maƙwabtanta

Jita ba ta cikin kayan kiɗan Hausa na asali. Masu tsirkiya a nan su ne garaya, gurmi, molo, kuntigi, goge da kukuma, kuma manyan makaɗan ƙasar Sakkwato irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da ganguna suka yi suna. Jita ta shigo ta hannun ƙungiyoyin zamani, kamar ta Bala Miller a Najeriya da mawaƙa irin su Saadou Bori na Maraɗi a Nijar. Da waƙoƙin fina-finan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha da kwamfuta ne suka mamaye situdiyo, har muryar jita ma daga fiyano ake ciro ta. Saboda haka yawancin situdiyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato sun saba da sautin cikin kwamfuta tun kafin su ga amfilifaya mai bawul. Tarihin ya zo musu a juye da na Turai.

Inda wannan tsari ya haɗu da jita a fili shi ne aikin Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tahoua ta Nijar, jihar da hanyar Illela da Birnin Ƙonni ta haɗa da Sakkwato. A 2008 ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato. Ya rera da harshen Tamashek, amma aikin ya fito da salon situdiyon Hausa na lokacin, musamman muryar da aka lanƙwasa da Auto-Tune. Waƙoƙin sun yaɗu ta katin waya da Bluetooth har Mali, inda Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji su, ya sa "Tahoultine" a tarin Music from Saharan Cellphones. Abin da aka san Anar da shi gyaran murya ne, ba kwaikwayon amfilifaya ba, amma ginshiƙin ɗaya ne: ƙaramin ɗaki da kwamfuta sun yi aikin da a da sai babban situdiyo. Daga baya Mdou Moctar ya koma jitar lantarki mai kaushi a kundaye irin su Afrique Victime na 2021.

Ga makaɗi a unguwa kamar Ƙofar Rini, abin da ke yanke hukunci shi ne wuta da yanayi. Zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, kuma bawul ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Najeriya tana amfani da volt 230, kayan da aka sayo daga Amurka kuwa na 120 ne, sai da tiransifoma. Na'urar kwaikwayo tana cin wuta kaɗan, inbata ko sola sun ishe ta, wasu kamar Roland Micro Cube ma da batir shida suke aiki. Sai dai tana da nata rauni: idan wuta ta ɗauke, sai ta ɗauki lokaci kafin ta sake tashi, kuma idan ta lalace, mai gyaran rediyo da zai iya farfaɗo da tsohuwar amfilifaya ba lalle ya iya taɓa ta ba. Gurnanin janareta da ke shiga ta maganaɗisun jita ma ba ta kawar da shi, kaushi yana ƙara fito da shi ne.

Muhawara

Har yanzu akwai makaɗan da ke cewa amfilifaya mai bawul tana amsa hannu ta hanyar da lissafi bai kamo ba. A waƙar da aka riga aka haɗa, bambancin yana da wuyar ji ko ga ƙwararru. Inda ya fi fitowa shi ne a ɗaki, domin kwaikwayo yana ba da sautin amfilifaya kamar yadda makirufo ya ji ta, ba kamar yadda mai tsaye a gabanta yake ji ba. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, shi ya sa kamfanoni sukan sauya wa amfilifayoyin da suka kwaikwaya suna.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne kusan duk muryoyin da ke zuwa cikin waɗannan na'urori na amfilifayoyin Amurka da Turai ne. Ƙananan amfilifayoyi masu araha da ake kaɗa jitar Abzinawa da su a bukukuwan Agadas suna da tasu muryar. Da Neural Amp Modeler da katin sauti da makirufo ɗaya, ana iya ɗaukar muryar kowace daga cikinsu a fayil ɗin da za a iya turawa ta WhatsApp.