Gina Sana'ar Gudanar da Otal a Garin Ziyarar Ibada: Nazari a kan Bodh Gaya ta Ƙasar Indiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda matashi ke gina sana'ar gudanar da otal a Bodh Gaya, garin da mabiya addinin Buddha suka yi imani a nan jagoransu ya sami wayewar ruhi. An dogara ga abin da aka wallafa a kan garin, musamman littafin David Geary na 2017, da dokokin jihar Bihar. Matsayar maƙalar ita ce takardar makaranta shigar da matashi aiki kawai take yi. Abin da ke kai shi kujerar manaja shi ne sanin harshen baƙo da ladubban ibadarsa, da iya riƙe otal a watannin da gari ya yi tsit.

1.0 Gabatarwa

Bodh Gaya ƙaramin gari ne a gundumar Gaya ta jihar Bihar, kuma yana cikin wurare huɗu mafi daraja ga mabiya Buddha, tare da Lumbini ta Nepal da Sarnath da Kushinagar. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) Sarki Ashoka ya gina wurin bauta a nan, amma kasuwar masauki ta zamani ba ta kankama ba sai bayan 1956. A shekarar ce Indiya ta yi bikin cika shekara 2,500 da rasuwar Buddha, gwamnatin Firaminista Nehru kuma ta buɗe wa ƙasashen da ke bin addinin ƙofar gina gidajen sufayensu a garin. Da UNESCO ta sanya wurin bauta na Mahabodhi cikin kayan tarihin duniya a 2002, sai otal-otal suka yi ta tsirowa a filayen da a da gonaki ne.

2.0 Ƙofofin shiga sana'ar

Ƙofa ta farko ita ce makaranta. Majalisar koyar da aikin otal ta ƙasa, wadda aka kafa a 1982, tana shirya jarrabawar shiga cibiyoyinta, inda ɗalibi ke yin digiri na shekara uku a fannoni huɗu: tarbar baƙi, kula da ɗakuna, girki, da hidimar abinci da abin sha. Akwai irin wannan cibiya a Bodh Gaya kanta. Sai dai manhajar an yanka ta ne daidai wuyan manyan otal-otal na Delhi da Mumbai. Ɗalibi zai ɓata lokaci yana haddace sunayen giya da irin kofin da ya dace da kowacce, ya fito ya tarar Bihar ta haramta giya tun watan Afrilun 2016.

Ƙofa ta biyu ita ce titi. Geary ya nuna yadda wasu yaran garin suka fara da tallar carbi da hotuna a bakin wurin bauta, suka tsinci Japananci daga bakin maziyarta, suka zama 'yan rakiya, wasunsu har suka kai ga mallakar otal. Waɗannan ba su san lissafin kuɗin ɗaki irin na aji ba, amma sun san baƙonsu ciki da bai. A ganin mai wannan nazari, cibiyoyin koyarwa sun yi sake da ba su ɗauki wannan ilimi a matsayin darasi ba.

3.0 Baƙon da ibada ke tsara wa yini

Ana buɗe Mahabodhi da ƙarfe 5 na asuba, kuma ayari da yawa suna son su riga cunkoso. Ke nan kicin zai hura wuta tun cikin dare, a tanadi ruwan zafi a ɗakuna lokacin da sanyin Disamba ke kaɗawa. Sufayen ɗariƙar Theravada, irin na Tailan da Siri Lanka da Miyanma, ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka. In motar ayari ta makara daga garin Rajgir ta iso saura minti 20 sha biyu ta buga, manajan da ya san aikinsa ya riga ya jera faranti, ya keɓe wa sufaye teburinsu, an fara zuba musu kafin kowa. In ya yi jinkiri, dattijon da ayarin duka ke girmamawa zai kwana da yunwa, kuma da wuya wannan ayari ya sake dawowa otal ɗin.

Cikin masu zuwa daga Sin da Biyetnam akwai waɗanda ba sa cin nama, ba sa cin albasa da tafarnuwa, abin da ke ɗaure wa kukun Bihar kai, tunda da su yake soma kowace miya. Sufin Tailan ba ya karɓar abu kai tsaye daga hannun mace, don haka dole a duba wa za a tura teburinsa. Tun bayan tashin bama-bamai na ranar 7 ga Yuli, 2013, an hana shiga harabar wurin bauta da wayar hannu, kuma ma'aikacin teburin tarba ne ya kamata ya gaya wa baƙo tun bai fita ba, da harshen da zai gane.

Mai karatun da ya taɓa sauka a masaukin alhazai a Madina zai gane tsarin cinikin. Ba da baƙo ɗaya ɗaya ake yi ba. Kamfanin shirya tafiya na Bankok ko Kolombo ne ke kama ɗakuna a dunƙule tun watanni kafin zuwa, wani lokaci ayarin ya taho da kukunsa da kayan miyarsa, yana neman aron murhu kawai. Saboda haka jarin manaja a nan shi ne amanar da ke tsakaninsa da jagororin ayari, kuma in ya sauya otal, sau da yawa sukan bi shi.

4.0 Rani da gasar gidajen sufaye

Kakar aiki daga Oktoba ne zuwa Maris. A cikinta ake taron karatun nassosin Tipitaka na Disamba da addu'o'in 'yan Tibet, kuma shekarar da Dalai Lama ya jagoranci bikin Kalachakra, kamar 2012 da 2017, ɗaki kan yi wuyar samu ko da kuɗi a hannu. Daga Afrilu zafi ya haura digiri 40, jiragen ƙasashen waje su daina sauka a filin jirgin Gaya, a sallami ma'aikatan wucin gadi. Wanda ake riƙewa shi ne mai iya kawo ciniki a wannan lokaci: bukukuwan aure, tarukan hukumomi, baƙin cibiyar koyon gudanarwa ta IIM da aka buɗe a 2015, da mabiya Hindu masu zuwa Gaya wajen watan Satumba don yi wa magabatansu sadaka a lokacin Pitru Paksha.

Ga kuma gidajen sufaye, waɗanda ke saukar da 'yan ƙasarsu a ɗakunan baƙi bisa abin da mutum ya bayar na sadaka. Masu otal sun daɗe suna kukan cewa su ke biyan haraji, wasu na kwashe baƙi. Kukan yana da tushe, amma ba farashi kaɗai ke jan maziyarci can ba. Yana samun mai jin harshensa da abincin gidansu, kuma otal zai iya ba shi duka biyun in ya ɗauki ma'aikacin da ya dace.

Yawancin otal-otal na garin na iyali ne, kujerar sama takan zauna a hannun ɗan gida, shi ya sa wanda ya yi digiri yakan hango Delhi ko Dubai. Akwai hanyar da ta fi kusa. Ayarin da ya kwana a Bodh Gaya shi ne zai wuce Rajgir da Nalanda, ya kwana a Varanasi don ziyarar Sarnath, ya ƙarasa Kushinagar da Lumbini. Ma'aikacin da ya iya harshen Tailan ko Biyetnam, ya kuma san jagororin ayari da sunayensu, yana da kasuwa a kowane zango na wannan hanya, kuma yana iya tashi daga mataimakin manaja a wani garin ya zama manaja a na gaba.