Kan Burtu da Gilashin Jamus: Tarihin Tazarar da ke Tsakanin Tabarau Biyu

Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, mazauna Hotoro sun saba ganin motoci shaƙe da 'yan farauta da karnukansu suna bin hanyar Maiduguri, sun nufi daji. Gora da adda da barandami su ne kayan aikinsu, kuma da wuya a ga mai rataye da tabaron hangen nesa a cikinsu. Akwai kuma wani rukunin da ba ya hawa bayan a-kori-kura: likita ko injiniya ko ɗan kasuwa mai lasisin bindiga, wanda ke fita neman zabin daji ko agwagin fadama a ƙarshen mako. Shi ne ke samun kansa a gaban farashi biyu. Tabarau matsakaici, irin Nikon Monarch ko Vortex Viper, yana kamawa daga dala 300 zuwa 600. Na ƙoli, irin Swarovski NL Pure ko Zeiss Victory SF ko Leica Noctivid, yana farawa daga wajen dala 2,500, ya haura 3,000. Dukansu biyu an rubuta 8x42 a jikinsu. To, me ke cikin na biyun har ya ninka na farko sau biyar ko fiye? Amsar tana cikin tarihin gilashi, da kuma tarihin Kano kanta.

Yadda aka yi da nesa kafin zuwan gilashi

Kano gari ne da labarin kafuwarsa ya fara da maharbi. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe da labarin wani ƙaton mafarauci na Dutsen Dala mai kashe giwa da sanda. Ko me mutum zai ce game da gaskiyar wannan labari, yana nuna abu ɗaya: farautar ƙasar Hausa ta kusa ce. Sanda da mashi da kibiya, daga baya bindigar adaka, babu wadda ke cin dogon zango. Saboda haka maharbi ya koyi kai kansa wurin nama. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya rarrafa yana gyaɗa kai kamar tsuntsun, har ya shiga tsakiyar barewa ba su farga ba. Daga nan Hausa ta samu kalmar shigar burtu. Ilimin sawu, da sanin inda iska ta nufa, da haƙurin kwanto, su ne tabaron maharbin wancan zamani.

Turai ta bi wata hanyar, wato a jawo hoton nama zuwa ga ido. Tushen ilimin ya daɗe, domin Ibn al-Haytham ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira tun ƙarni na 11, inda ya bayyana cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta yi masa rajistar madubin hangen nesa. Shekara 216 bayan haka, a Janairun 1824, Hugh Clapperton ya iso Kano, ya wuce Sakkwato a watan Maris. Cikin kyaututtukan da ya miƙa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai madubin hangen nesa mai ido ɗaya da kamfas, kuma ya rubuta cewa waɗannan biyun sun ja hankalin Sarkin ƙwarai. A lokacin, irin wannan abu kayan fada ne, kyautar da ake kai wa sarakuna.

Yaƙi da asarar haske

Madubin da aka kai Sakkwato dogo ne, domin haske na bukatar doguwar hanya a cikinsa. A 1854 wani ɗan Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar naɗe wannan hanya ta amfani da dunƙulen gilashi mai kusurwa, wanda ke juya haske ya kuma miƙar da hoto. Dabarar ta jira gilashi mai tsabta. An same shi a garin Jena na Jamus, inda Otto Schott ya kafa masana'antar gilashi a 1884, kuma a 1894 kamfanin Carl Zeiss, bisa ƙirar Ernst Abbe, ya fara sayar da tabarau mai ido biyu irin wanda aka sani yau. A 1905 kamfanin Hensoldt na Wetzlar ya fito da ƙirar Dialyt, siririya miƙaƙƙiya, kakar yawancin tabaran da maharba ke ratayawa a yanzu.

Sai dai akwai wata matsala da ta rage. Duk fuskar gilashin da haske ya ratsa tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 baya. Tabarau ɗaya yana da fuskoki goma ko fiye, don haka kusan rabin hasken kan salwanta kafin ya kai ido. A 1935 Alexander Smakula, ɗan Yukiren da ke aiki a Zeiss, ya gano cewa shafa wani siririn sinadari a fuskar gilashi yana rage wannan asara. Gwamnatin Jamus ta riƙe abin a matsayin sirrin soja na wasu shekaru. Daga baya aka koma shafi hawa-hawa, asarar kowace fuska ta sauko ƙasa da rabin kashi ɗaya. A 1988 kuma Zeiss ya kawo wani shafin da ke gyara dishi-dishin da ƙira miƙaƙƙiya ke haifarwa.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya fara ne a matsayin alfarmar tabarau mai tsada, sannan ya gangaro. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Japan suka cika kasuwa da kaya masu kyau da rahusa. Wani Ba'amurke, David Bushnell, ya fara shigar da su Amurka a 1948, shekara ɗaya kafin Swarovski Optik ya buɗe a Absam ta ƙasar Ostiriya da tabaronsa mai suna Habicht, wato shaho. Daga baya Sin ta karɓi babban kaso na aikin, musamman birnin Kunming. Har Zeiss da kansa ya fito da Terra a 2013, wanda ake harhaɗawa a Asiya. Tabarau matsakaici na yau yana ɗauke da shafin 1935 da na 1988, da gilashi mai rage rarrabuwar launi, da liƙi mai hana ruwa shiga. Da a ce an kai shi kasuwa shekara 40 da suka wuce, da shi ne na ƙoli.

Lissafin Kano

A shekarun da Japan ke koyon goge gilashi, Kano na gina nata masana'antun. Bompai ta fara cika tun wajajen samun 'yancin kai, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a zamanin arzikin man fetur. Masaƙu, da matatun man gyaɗa, da kamfanonin roba, da majemu, su ne suka mamaye su. Sarrafa gilashin hangen nesa bai taɓa zama sana'ar waɗannan unguwanni ba, saboda haka duk tabaron da ke Kano da kuɗin waje aka sayo shi. A 1980 naira ta fi dala daraja. Daga Satumban 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar musaya ƙarƙashin shirin SAP, darajarta ta kama gangara, kuma tsadar kayan gyara da rashin wuta suka rufe ƙofofin masana'antu da dama a Sharaɗa da Challawa. A Yunin 2023 aka sake sakin naira: dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024.

A wannan lissafi, tabaron dala 2,500 ya tashi daga naira miliyan 1 da 'yan kai zuwa miliyan 3 da dubu 750. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin tabaron ya zarce albashin shekara huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Na dala 500 kuwa naira dubu 750 ne. Tazarar naira miliyan 3 ke nan.

Me wannan tazara ke saya? Na ƙoli yana isar da kashi 90 ko fiye na haske, na matsakaici mai kyau yana bin sa da 'yan kashi kaɗan. Na ƙoli ya fi faɗin fili, hotonsa tar yake har gefe, kuma ido ba ya saurin gajiya ga wanda zai wuni yana dubawa. Waɗannan bambance-bambance na gaske ne, amma sai haske ya yi ƙaranci suke fitowa sosai. Lambar 8x42 na nufin abu zai kusanto sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne, don haka hasken da ke fitowa zuwa ido faɗinsa milimita 5 da 'yan kai. Da rana tsaka ƙofar baƙin ido kan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, ta yadda ko tabarau mai arha yana ba ta fiye da bukatarta.

An ƙera gilashin Jamus da Ostiriya ne domin maharbin da ke zaman jiran barewa da aladen daji a doguwar almurun Turai. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda hasken da ke biyo bayan faɗuwar rana bai cika wuce minti 25 ba. Lokacin farauta kuma shi ne lokacin hunturu, sa'ad da hazo kan sauko har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Babu gilashin da ke huda hazo, kuma da zafin rana kawalwalniya tana kaɗa hoton mai tsada kamar yadda take kaɗa na mai rahusa. Ƙura ma ba ta san farashi ba: wanda ya goge gilashi da bakin riga ba tare da ya fara hure shi ba, yashi zai karce shafin. Garantin shekaru da manyan kamfanoni ke bayarwa yana da amfani, amma cin moriyarsa yana nufin aika tabaron ƙasar waje a jira dawowarsa.

Dajin da ya rage

Akwai tambayar da ta fi ta farashi nauyi, wato me ya rage a dajin da za a hanga. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ware dabbobin da aka haramta kashewa da waɗanda sai da lasisi, kuma Doka ta 11 ta 1985 ta ƙara kariya ga waɗanda ke dab da ƙarewa. Dajin Falgore, a kudancin Kano kan hanyar Jos, da Yankari a Bauchi, wurare ne da aka keɓe, ba a farauta a cikinsu. Falgore ɗin ma ya yi fama da ɓarayin shanu har sojoji suka kafa filin atisaye a ciki. A wajen waɗannan wurare, gonaki da rugage da masu neman itace sun matso daji ta kowane gefe.

A irin wannan daji, babban aikin tabarau shi ne tantancewa kafin a ɗaga bindiga: motsin da ke bayan kalgo na gada ne ko na ɗan makiyayi, tsuntsun da ke bakin fadamar Haɗeja agwagwar gida ce ko baƙo ne daga Turai. Tabarau matsakaici yana yin wannan aiki sarai. Mai binciken tsuntsaye ko jami'in gandun daji da ke fita kullum tun asuba zai iya cin ribar na ƙoli cikin shekaru. Ga mai fita sau goma a shekara kuwa, miliyan ukun nan ta fi amfani a lasisi, da man mota, da ladan tsohon maharbin ƙauye wanda zai nuna masa sawu ya kuma gaya masa inda iska ta dosa.