Daga Peugeot zuwa Sharon: tarihin motocin hayarmu

Lokacin da aka tashi mutanen Wuse domin gina Abuja, suka zauna a Sabon Wuse, Peugeot 504 ce sarauniyar hanya, domin tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna. Faɗuwar darajar Naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari direba, sai 'yan Kwatano suka cika tasha. Daga baya Sharon da Sienna suka shigo da tsufansu: lagireto ya toshe, inji ya ɗau zafi, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Lodin da ya wuce kima kuwa shi ke ƙarasa inji. Direbobinmu, duba ruwa da mai kowace safiya ya fi sauke inji araha.