Matansayit

Matansayit sunan kimiyya ne na irin taurin tsarin da ke samuwa a cikin baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon idan aka gasa shi ya yi jajir, sannan aka tsoma shi nan take cikin ruwa ko mai. Sunan ya samo asali daga Adolf Martens (1850–1914), masanin ƙarafa ɗan Jamus. Wani Bafaranshe, Floris Osmond, shi ya raɗa shi a shekarun 1890 don girmama Martens.

Idan zafin ƙarfe ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyos, kabon yakan fara narkewa cikin jikinsa. In aka bar shi ya huce a hankali, kabon ɗin zai samu sararin warewa, ƙarfen ya fito da laushi. Sanyayawar gaggawa kuwa ba ta ba kabon ɗin wannan dama, sai ya maƙale a inda yake, ƙarfen ya ƙanƙame ya yi tauri ƙwarai. Illarsa ita ce saurin karyewa, shi ya sa ake sake ɗumama shi da sassauƙan zafi.

Maƙeran Illela, garin Jihar Sakkwato da ke iyaka da Birnin Ƙonni, ba sa kiran wannan suna, amma aikin a hannunsu yake. Da launin ƙarfen suke gane lokacin tsoma bakin gatari ko wuƙa cikin ruwa. Tsohon sifirin mota yana karɓar wannan tauri sosai, domin yana da isasshen kabon.