BABI NA UKU: TARIHIN ƊAUKAR HOTON DAJI A KANO DA MATSAYIN KASUWAR SABON GARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar hoto da ire-irensa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin reshe ɗaya daga cikinsu, wato hoton da mutum kan fita fili ya ɗauka don sha'awa, ba don neman kuɗi ba, na duwatsu da itatuwa da tsuntsaye da namun daji. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce, me ya sa Kano, wadda ta san kyamara fiye da shekara ɗari, ta tara hotunan fuskokin mutane bila adadin, amma na dajinta ba su taka kara sun karya ba? Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, amsar ta fi kusa da kasuwa, musamman Kasuwar Sabon Gari inda aka riƙa sayen fim, fiye da yadda take kusa da addini ko al'ada.

3.1 Zuwan Kyamara Kano

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya hau dutsen Dala ya dubi birni, amma da alƙalami ya zana abin da ya gani. An riga an bayyana fasahar hoto a Faransa tun 1839, sai dai kayanta ba irin waɗanda matafiyi zai ratso Sahara da su a kan raƙumi ba ne. Kyamara ba ta sami gindin zama a Kano ba sai bayan da Turawan Ingila suka ci garin a 1903. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, sannan wajejen 1913 aka yanka Sabon Gari a gabashin Fagge domin ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni waɗanda suka zo daga Kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Cikin waɗannan baƙi ne aka sami masu riƙon ɗaukar hoto a matsayin sana'a. Ke nan tun daga farko al'amarin ya rabu gida biyu: akwai Bature mai ɗauka don nishaɗi, akwai kuma mutumin Sabon Gari mai ɗauka don ya ci abinci.

Shi Baturen ya fito ne daga ƙasar da hoton daji ya riga ya zama abin yayi. Wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka tashi a tuddan ciyawa marasa itatuwa na arewacin Ingila, sun fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsaye a 1895 wanda hotuna zalla suka ƙawata shi. A 1900 kuma kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara mai suna Brownie a kan dala ɗaya kacal. Saboda haka jami'in mulki ko malamin daji da aka turo Arewa yakan zo da kyamararsa cikin akwati. A 1930 irin waɗannan mutane suka kafa ƙungiyar Nigerian Field Society, wadda ta fara buga mujallarta a 1931. A tsakanin 1930 da 1931 ne kuma wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki hotunan Kano a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. Wannan sha'awa ta ci gaba har bayan samun mulkin kai, domin a 1981 R. E. Sharland da R. Wilkinson sun wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus. Illar kawai ita ce, ba don Kanawa aka yi aikin ba. Da Ingilishi aka rubuta bayanansa, kuma galibin hotunan sun bi masu su zuwa Turai. Na Mittelholzer, alal misali, a birnin Zurich suke ajiye.

3.2 Sabon Gari da Hoton Mutum

A ɗaya ɓangaren kuwa, mai hoton Sabon Gari mutum ne jarinsa. Maniyyaci yana buƙatar hoton fasfo, ɗalibi da mai neman aiki haka, ango da amarya suna son abin tunawa. Abin lura a nan shi ne, daji bai ɓace daga situdiyo ba, amma ya shigo ne a matsayin labule. Akan zana itatuwa da furanni da ruwa mai gangarowa daga dutse a jikin ƙyalle, mutum ya tsaya a gabansa a ɗauke shi. Wato dai jama'a suna son ganin korama da lambu, sai dai a bayan kafaɗarsu.

Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya (1967 zuwa 1970) sun sa 'yan kudu da yawa sun bar Sabon Gari na wani lokaci, abin da ya buɗe wa 'yan gida ƙofar sana'o'i daban-daban. A daidai wannan zamani ne Gwamna Audu Bako (1967 zuwa 1975) ya samar da wuraren da suka fitar da kyamara daga ɗaki, wato gidan namun daji na Kano da tafkin Bagauda da madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974. Sai aka sami masu hoto na yawo, kyamara rataye a wuya, suna bin masu yawon Sallah da 'yan makaranta masu ziyara. To amma ko a nan tsarin situdiyo ne aka ɗauko. Zaki yana cikin keji a baya, ruwan Tiga yana can gefe, mai sabuwar riga shi ne a tsakiya.

Dalilin haka ba boyayye ba ne idan aka yi la'akari da yadda fim yake. Kowane naɗi yana ɗaukar hoto 24 ko 36 ne kurum, kuma daga waje ake shigo da shi, ko na Kodak ne ko Agfa ko Fuji. Mai kyamara zai saya a kasuwa, ya biya kuɗin wanki, ya biya na bugawa a kati, kuma ba zai san ko hoton ya yi kyau ba sai bayan ya gama biyan duk waɗannan. Hoton mutum yana da mai biya. Balbela kuwa ba ta biya, ba ta kuma tsayawa a ce mata ta gyara zama. Mai son ɗaukar tsuntsu yakan ɓarnatar da rabin naɗi kafin ya sami guda ɗaya mai kyau, bayan haka yana buƙatar dogon gilashi mai jawo abin da ke nesa, wanda sau da yawa ya fi ita kanta kyamarar tsada. Da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, sai duk kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Malamin makaranta ko akawun da ya mallaki ƙaramar kyamara a shekarun arzikin man fetur, sai ya koma ajiye fim ɗinsa domin ranar suna ko biki.

Akwai masu ganin cewa addini ne ya hana. Wannan magana tana buƙatar a yi mata duban tsanaki. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, amma ba su yi irin wannan saɓani a kan surar itace ko dutse ko kogi ba. Da addini ne ke jan ragamar al'amarin, da hotunan Dala da Gwauron Dutse da kukoki da rimaye ne za su cika gidaje, na mutane su yi ƙaranci. Abin da aka gani kuwa akasin haka ne.

3.3 Daga Fim Zuwa Waya

A 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, kuma ba a jima ba wayoyi masu kyamara suka cika shagunan Titin Beirut da na Farm Centre. Shi kansa kamfanin Kodak ya bayyana karyewarsa a 2012. Lokacin da gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban rumfuna a Kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, cinikin fim ya riga ya zama labari. Da kuɗin kowane hoto ya tashi daga kan mai ɗauka, sai ga samari da 'yan mata suna ɗaukar hadari da faɗuwar rana da gonakin damina da duwatsun Riruwai suna sawa a Facebook, ba tare da wani ya canza musu addini ko al'ada ba. Wannan shi ne babban abin da ke ƙarfafa ra'ayin da aka kawo a farkon babi. Haka kuma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar A. P. Leventis ta Jos ta ƙaddamar a 2015 ya jawo matasan Arewa cikin aikin da a da Turawa kaɗai ke yi.

Sai dai kyamarar ta yi arha ne a lokacin da abin ɗaukar ya ja baya. An cike kududdufai da yawa na cikin birni an yi gini a kansu, ganuwa ta zube a wurare da dama, dajin Falgore kuma ya yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a tsakiyar shekarun 2010, har mai yawon sha'awa ya ƙaurace masa. Ungulu, wadda dattawa ke ba da labarin yawanta a mayankar Kano da kan rufin kasuwanni, a 2015 aka sanya nau'inta da aka fi sani a garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Yaron da aka haifa a Fagge cikin 'yan shekarun nan yana iya girma bai taɓa ganinta ba sai a karin magana.

Saboda haka mai binciken yadda kewayen Kano yake kafin 2001 ba shi da wata taska ta hotunan daji da Kanawa suka tara da gangan. Abin da yake da shi su ne hotunan Sallah da na ziyarar makaranta, inda tsamiya ko bakin tafki ko tsuntsu a kan katanga ya faɗo cikin hoto ba da niyyar mai ɗauka ba. Yawancinsu suna cikin kundayen hotuna na gidaje da ƙasan akwatunan iyaye mata, launinsu yana koɗewa, kuma kaɗan ne aka rubuta wa shekara ko sunan wuri a baya. Daga cikin irin waɗannan ne aka zaɓo hotunan da za a yi wa sharhi a babi na huɗu.