Daga Tauraron Ɗan Adam Zuwa Kunnen Manomi: Tarihin Wani Aiki a Yamai

Na yi shekaru ina wani aiki da mutanen gidanmu ba su taɓa gane kansa ba. Idan aka tambayi mahaifiyata, sai ta ce, "Yana can Yamai wajen masu duban sama." Ba ta yi ƙarya ba. Aikina shi ne in karɓi rahoton da masana suka rubuta da Faransanci daga hotunan tauraron ɗan Adam, in mayar da shi Hausar da za a karanta a rediyo ko a gaban ƴan makaranta. Ban taɓa harba komai sama ba, ban kuma san lissafin da ke riƙe tauraro a wurinsa ba. Saƙo ne ke biyo wata doguwar igiya daga sama, ni ina riƙe da bakinta na ƙasa. Yau ina so in ba mai karatu tarihin wannan igiya, domin na lura kullum daga wajenmu take fara tsinkewa.

Alaƙar ƙasar Hausa da harkar sararin samaniya ta girmi yawancinmu. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tasoshin da suka bi John Glenn ranar 20 ga Fabrairu 1962, da ya kewaya duniya sau uku. Sai dai tashar ta Amurkawa ce don buƙatar Amurkawa, Bakano daga bayan shinge yake kallo.

A Nijar kuwa, abin da ya fara zuwa wa talaka ta iska shi ne darasi. A 1964, zamanin Diori Hamani, aka buɗe talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Aka fara da ƴan ajujuwa kaɗan, daga baya suka kai kusan ashirin, yara na zaune gaban akwati, malamin yana can ɗakin watsa shiri. Gwaji ne da ya yi suna har wajen Afirka, amma da Faransanci ake komai tun ranar farko. A shekarar nan ce Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa yanzu, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya yi kira a koyar da yara da harsunan iyayensu. Ba a saurare shi ba a lokacin.

Abin da ya kawo hoton tauraro Yamai shi ne yunwa. Farin da ya fara wajen 1968 ya kai maƙura a 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. A watan Satumba na 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu don yaƙi da fari. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori, kuma yadda aka yi da abincin agaji na cikin dalilan da suka bayar. A wannan shekarar aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, a ƙetaren kogi kusa da jami'a, don ta horar da masana yanayi, ruwa da noma, ta kuma riƙa hango masifa kafin ta iso.

Kayan aikin sun zo a kan gaɓa. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, Turai ta harba Meteosat a 1977. Shi Meteosat yana tsaye ne a sama kilomita kusan 36,000, yana juyawa tare da duniya, saboda haka kullum Afirka yake kallo. Ba ya ganin ɗigon ruwa. Sanyin kan gajimare yake aunawa: hadarin da ya yi tsawo sosai kansa yana da tsananin sanyi, kuma irinsa ne ke zubar da ruwa a Sahel. Idan aka ƙirga awowin da irin wannan hadari ya yi a kan wani yanki, aka gwada da ma'aunan ruwa na ƙasa, sai a ƙiyasta milimita nawa suka sauka. Wasu taurarin kuma koren ƙasa suke aunawa, su nuna inda ciyawa ta fito da inda ta ƙi. A ƙasa mai faɗin Nijar, mai ƙarancin ma'aunan ruwa, wannan babban abu ne.

To, ina labarin yake zuwa? Duk kwana goma na damina ana fitar da takarda da taswirori masu launi, da Faransanci, a kai wa ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji. Ta yi amfani ƙwarai wajen sanin inda za a kai hatsi. Amma manomin da ke tsaye bakin gona da irinsa a ƙwarya, yana shawarar ya shuka yau ko ya jira, ba ya cikin masu karɓarta. Farin 1984 ya zo ya same shi yadda na 1973 ya bar shi, har a watan Yuni na 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai.

Gyara na gaske ya fara ne a ƙarshen shekarun 1990. Cibiyar ACMAD, wadda ke lura da yanayin Afirka baki ɗaya, ta zauna a Yamai tun 1992. Daga 1998 masanan yankin suka fara taruwa kowace shekara kafin damina su fitar da hasashenta. Sai aka ɓullo da shirin RANET: a turo bayanin yanayi ta tauraron kamfanin WorldSpace zuwa ƙananan gidajen rediyon karkara masu aiki da hasken rana, ƴan garin su faɗe shi da harshensu. Rediyon Bankilare, can yammacin ƙasa, da aka buɗe a 1999, na cikin na farko. A nan ne irin aikina ya samo asali, domin sai an sami wanda zai zauna tsakanin masani da mai gabatar da shiri. A 2008 kamfanin WorldSpace ya karye. Gidajen rediyon sun ci gaba, amma wannan hanya ta sama ta mutu.

Akwai wani babi da nake so duk mai irin aikina ya haddace. Tun 1983 wani ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gona, suna gyara shi ya zama itace, abin da ake kira sassaben zamani. Dabarar ta bazu daga baki zuwa baki, da Hausa, kasuwa zuwa kasuwa. Rahotannin duniya kuwa suna ta cewa hamada na cinye Nijar. Sai bayan shekara ashirin, da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da na wajen 2005, aka gano gawo da ƴan'uwansa sun dawo a fili mai kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace kusan miliyan 200. Tauraro ya tabbatar da abin da manomi ya daɗe da sani. Da akwai masu ɗaukar maganar ƙasa su kai wa masana, da ba a jira shekara ashirin ba.

A watan Yuli na 2016 NASA da hukumar agajin Amurka USAID suka buɗe shirin SERVIR na Yammacin Afirka a AGRHYMET, don ƙasashe irin su Nijar, Burkina Faso, Ghana da Senegal su yi amfani da bayanan taurari wajen noma, ruwa da daji. NASA ta dawo ƙasar masu jin Hausa, wannan karo da niyyar aiki tare da ƴan ƙasa.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin. Hasashen damina ba ya cewa za a yi kaza. Yana raba yiwuwa ne gida uku: ruwa ya fi na al'ada, ya yi daidai, ko ya gaza, kowane da kasonsa cikin ɗari. Kafin daminar 2020 takardar da ta zo hannuna ta ce gidan farko ya fi rinjaye. Ina sauri, ina kuma son jimla mai daɗin kunne, sai na rubuta, "Bana damina za ta yi kyau." Haka aka karanta. A watan Satumba kogi ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba, ruwa ya shiga Lamorde da Kirkisoy, gidajen ƙasa suka zube a jihohi da dama. Da na je gida, kawuna, wanda gonarsa ta fadama ta nutse, ya zaunar da ni a zaure.

"Ɗana, kai ne ka ce za ta yi kyau?"

Na ce, "Kawu, masana cewa suka yi ruwa zai yi yawa."

Ya ce, "To ka ce zai yi yawa mana. Yawa daban, kyau daban. Da haka ka faɗa, da na fi ba gonar tudu ƙarfi."

Masanan ba su yi kuskure ba, tauraro ma bai yi ba. Kalma ɗaya ce tawa. Tun ranar, ba na sakin rubutu sai na karanta wa wani dattijo ko wata mai talla, na tambaye su abin da za su yi gobe in sun ji haka. Na daina cewa milimita 20 kaɗai, sai in haɗa da "ruwan shuka". Na kuma koyi faɗin "an fi zaton" da "ba tabbas" ba tare da jin kunya ba, domin manomin da ke duban Kaza da tafiyar iska ya san hasashe ba alkawari ba ne.

Abin da ke damuna shi ne, a duk wannan tarihi mai rubutu da harshen gida ɗan haya ne. A shirin da na yi wa aiki, kuɗin fassara ne ake sawa a ƙarshen kasafi, shi ake fara yankewa. Babu ƙamus ɗaya da muka yarda da shi, kowa da kalmar da yake ba "yiwuwa" ko "tsaikon ruwa". A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak, kamar yadda ta faru da WorldSpace.

A watan Satumba na 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin sadarwa da na ɗaukar hoto. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Roƙona ga mahukunta shi ne su haɗa biyun. A ɗauki marubutan Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci aikin dindindin a hukumar yanayi, a horar da su tare da masana, a tsara ƙamus ɗaya, a kuma ba su damar komawa ofis da abin da manoma suka faɗa. Albashinsu duka bai kai kuɗin ƙusa ɗaya ta kumbo ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma tsare alƙalumanmu.